Abin da Hannun Mahauci Bai Ji Ba

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Sunana Bukar, ni mahauci ne a Potiskum. Gidana yana Hausari, teburina kuma yana bakin kasuwar shanu, wajen masu kayan ciki. Tun da na dawo daga Kano duk wanda ya zo duba ni tambayarsa ɗaya: wai da gaske na ga cikin cikina da idona? Na ba da labarin har bakina ya gaji. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko Allah zai sa wani ya tsira da hanjinsa.

Sai na fara da sana'ata, don in ba ka san ta ba, ba za ka gane irin wautar da na tafka ba. Tun ina ɗan shekara goma sha shida nake wanke hanji, yau shekara arba'in ke nan. Yadda mahaifina ya koya mini shi ne a zazzage, a juya shi ciki ya dawo waje, a wanke, sannan a ja shi tsakanin babban yatsa da manuniya tun daga farko har ƙarshe. Mu da yatsa muke duba hanji. Mai cuta yana da ƙulli, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar tsakuwa, wani wurin kuma ka ji ya yi kauri ya sandare. Ina iya hira da mai saye, idona a kan fuskarsa, yatsana ya ce mini tsaya, in yanke wurin in jefar. Malamin dabbobi da ke duba nama a kwata yakan ce in Bukar ya shafa, shi ba sai ya sake dubawa ba. Wannan yabon ya shiga kaina ƙwarai.

Ciwon ya faro ne bayan babbar Sallah, kuma ban ɗauke shi ciwo ba. Gajiya ce kawai. Cinyar sa da nake saɓawa a kafaɗa daga kwata har teburi ba tare da na tsaya ba, sai na ga ina sauke ta sau biyu a hanya ina haki. In na ɗago daga ruku'u sai masallacin ya ɗan juya. A sati na biyu na fara ganin jini jefi-jefi in na zaga, na ce basir ne. A garinmu duk abin da ya samu mutum tsakanin cibiya da gwiwa basir ne, kuma ranar kasuwa masu maganinsa da lasifika sun fi masu sayar da igiya yawa. Abokina Jauro, dillalin shanu, ya kawo mini garin sabara a ƙunshe.

"Ka zuba a kindirmo da safe," in ji shi. "Kwana bakwai. In bai tafi ba, kada ka ƙara saya mini goro."

Na sha kwana bakwai, na ƙara bakwai. Wata gwaggona ta aiko da jiƙo mai ɗaci, wani maƙwabci ya ce in daina cin barkono, wani ya ce zaman benci ne, in nemi matashi. Duk na yi, don ni mutum ne mai son gwada abu in ga yadda zai kasance.

Matata, Ya Falmata, ita ce ba ta yarda ba. Wata rana tana zuba mini ruwan wanke hannu sai ta riƙe tafina ta juya shi.

"Malam, hannun nan ba naka ba ne. Dubi yadda ya yi fari."

"Ruwa ne, wuni nake a cikinsa."

"Shekara talatin ina ganinka a cikin ruwa. Haka hannun Yaya Modu ya yi."

Yaya Modu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu shekara shida da suka wuce. Shekara biyu ya yi yana shan maganin basir, da aka kai shi Maiduguri aka buɗe shi sai aka tarar ciwon daji ya cika masa uwar hanji, aka ɗinke aka ce a koma da shi gida. Ni na wanke shi. Amma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa nasa da nawa ba sai da ta faɗa, kuma da ta faɗa haushinta na ji.

A sati na huɗu ta ja ni wani asibiti a cikin gari. Ba zan ɓoye ba, na sha wahalar layi. Ka zo da sassafe ka yanki kati, ka zauna har rana ta take, a ce ka je a ɗebi jini, ka dawo ka tarar wanda ya aike ka ya tashi. Amma likitan da muka samu a rana ta biyu mutumin kirki ne. Ya ce jinina ya yi ƙasa, ya duba ya ce basir ɗin ma akwai shi da gaske. Na kalli Ya Falmata da kallon ai na faɗa miki. Ya ba ni maganin ƙarin jini da na basir ya ce in dawo bayan wata biyu.

Na dawo, basir ya lafa, jini bai hau yadda yake so ba. Nan ya ajiye biro ya tambaya ko a gidanmu akwai wanda ya taɓa ciwon hanji. Kafin in buɗe baki Ya Falmata ta ba shi labarin Yaya Modu kaf. Ya ce to lallai sai an leƙa. Akwai wata roba mai tsawo da kyamara a bakinta, ana shigar da ita ta ƙasa a bi uwar hanji har ƙarshenta. Sunan aikin kolonoskofi, kalmar da na yi kwana uku ina maimaitawa kafin ta zauna mini a baki. Maza da yawa a nan suke tsayawa, su ce su ba za a yi musu haka ba. Ni ma na ji kunya, amma wani abu ya fi kunyar ƙarfi. Na ga hanjin sa, na ga na raƙumi, na ga na akuya ba adadi, nawa da nake yawo da shi ban taɓa gani ba. Na tambayi likita ko mai hanjin yana iya kallo. Ya yi dariya ya ce in na roƙa.

Gombe aka tura mu, kuma a can na yi kuskure na farko. 'Yata Hauwa tana aure a Gombe, gida ɗaya da iyayen mijinta, nan muka sauka. Asibitin suka ba ni wani gari a jiƙa a jarka guda, a shanye cikin awowi kaɗan, mai ɗanɗanon gishiri da sabulu. Aikinsa ya wanke ciki tas. Ban san me ake nufi da tas ba sai da na sha kofi na huɗu. Bayan gidan nan guda ɗaya ne, kuma sai ka ratsa tsakar gida, gaban ɗakin surukata, kafin ka kai. Na ratsa sau biyar da buta a hannu, kowane zuwa tana ce mini sannu. A na shida na ce ko mutuwa zan yi ba zan sake wucewa gaban matar nan ba. Na faki idon Ya Falmata na tuttular da rabin jarkar a bayan katanga.

Washegari aka yi aikin. Sun yi mini allura na yi barci, ban ga komai ba. Da na farka likitan ya ce, "Baba, hanjin bai wanku ba." A duk zagin da aka taɓa yi mini a duniya babu wanda ya yi mini zafi kamar wannan. Ya ce ya ga basir, bai ga wani babban ƙari ba, amma akwai wuraren da datti ya rufe, kuma ganin tarihin gidanmu shi hankalinsa bai kwanta ba. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Kano, inda ya ce na'urarsu tana ƙara girman abu kamar yadda ake jawo hoto a waya, har ma fiye. Daga duk bayanin nan abin da kunnena ya ɗauko shi ne bai ga ƙari ba. Ita kuwa Ya Falmata abin da ta ɗauko shi ne bai wanku ba, kuma kafin mu kai tasha ta tatsi gaskiyar jarkar daga bakina.

Sati uku muka jira kafin layi ya zo kanmu a Kano. Bijimin da nake turkawa a gida shi ya tafi a wannan tafiyar, Jauro ya sayar mini da shi bai karɓi la'ada ba, Allah Ya saka masa. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne a ce mutum sai ya bi ta Azare ya wuce Wudil, ya kwana a garin da ba nasa ba, don kawai a leƙa cikinsa. Wanda ba shi da bijimi fa?

Wannan karon masauki muka kama, ɗaki mai bayan gida a ciki. Ya Falmata ta zauna a bakin gado da kofi a hannu da jarka tsakanin ƙafafunta. Tun bayan La'asar take cikawa tana miƙo mini, ba ta ɗauke ido sai ta ga maƙogwarona ya motsa. Sauran kuma da safe ta ɗura mini. Ban taɓa jin cikina fayau haka ba.

Likitan Kano ba zai wuce sa'an Hauwa ba, siriri mai magana a hankali. Na gaya masa sana'ata, na roƙe shi kada a sa ni barci. Ya ce zai rage allurar, in na ji ba zan iya ba in ɗaga hannu. Aka kwantar da ni a gefen hagu, talabijin ɗin da ke nuna hoton kyamarar yana daidai fuskata.

Akwai murɗa, akwai kumburin iska, ba zan yi ƙarya ba. Amma da hoton ya fito sai na manta da su. Rami ne ja-ja mai sheƙi, da zobe-zobe, da ƙananan jijiyoyi a shimfiɗe a jikin bangon. Ya fi na sa kyau nesa ba kusa ba, ba kitse, ba tabo. Na ji wani irin alfahari.

"Likita, wannan karon ya wanku?"

"Ya wanku, Baba. A gaishe da wadda ta tsaya a kai."

Ya kai ƙarshe, ya fara janyowa a hankali yana duba bayan kowane lanƙwasa. Ina bin sa da ido irin na mai sana'a, ina cewa a raina lafiya, lafiya, nan ma lafiya. Can ta ɓangaren dama sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake dawowa, ya wanke wurin da ruwa.

"Baba, me ka gani a nan?"

"Ba komai. Lafiyayyen nama."

"Dubi jijiyoyin nan. Ka ga sun zo nan sun ɓace, sai can suka sake fitowa?"

Na duba. Haka ne, amma ni ban ga abin tsayawa ba. Sai ya ce wa nas ta ba shi shuni. Shuni dai da na sani, ruwa mai launin bula. Ya fesa a wurin ta cikin robar, ruwan ya gangara ya kwanta a duk inda ya samu kwari. Ina kallo wani abu ya fito daga inda babu komai: fili mai faɗin murfin kwalba ko ya fi kaɗan, da iyakarsa zagaye, tashinsa bai kai kaurin farce ba. Gashin jikina ya tashi, kuma ba tsoro ba ne a lokacin, mamaki ne.

Ya matsa da kyamarar har ta kusa taɓa bangon, ya murɗa wani abu a hannunsa, hoton ya yi girma. Ashe fatar hanji ba sumul take ba. Cike take da ƙananan ramuka, zagaye, a jere daidai kamar idon rariya. Ya ce wannan shi ne lafiyayye. Ya gusa kan filin nan, sai ramukan suka zama dogaye, wasu sun yi rassa, wasu sun lanƙwashe. A tsakiya kuma akwai ɗan wurin da zanen ya rikice, ba ka iya cewa ga tsarinsa.

"Wannan zanen shi nake karantawa," in ji shi. "Yawancin ƙari yana tsirowa ne ya yi kai, kowa ya gan shi. Irin wannan fulat ne, a kwance yake yaɗuwa. Gefen bai dame ni sosai ba. Tsakiyar nan ce ba na so."

Bayan an gama ya zaunar da mu. Ya ce jinin da nake gani wataƙila na basir ne, shi wannan ba ya ciwo, sau da yawa ba ya ba da wata alama sai ya yi nisa. Ya ce yana ganin har yanzu a saman fata yake, ana iya ɗaye shi ta cikin robar nan ba tare da an yanka ciki ba, amma sai an shirya kayan aiki da lokaci na musamman. Ya ba mu sati biyu. Na tambaye shi ko ya tsinko kaɗan a auna, don na ji ana yin haka. Ya ce da gangan bai tsinka ba, saboda wurin zai yi tabo ya manne, ɗayewar ta yi wuya.

Kuskurena na biyu a mota na fara shi. Na yi ta juya maganar har muka wuce Azare, kafin mu iso gida na gama yanke hukunci. Abin da ba shi da ƙulli, ba shi da kauri, ba ya ciwo, sai an zuba masa shuni kafin a gan shi, shi kansa likitan bai ko tsinka ba, wannan cuta ce? Na ce yaron kirki ne amma a takarda ya koyi hanji. In aka shafa wa kowane nama launi aka ƙara masa girma sau ɗari, ai dole a ga abin tsoro.

"Ba zan koma ba," na ce wa Ya Falmata. "Da a teburina aka kawo shi, da na shafa na wuce."

"Kai sa ne?"

"Hanji hanji ne."

Ba ta yi gardama ba, abin da ya ba ni mamaki, don ita ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ta ɗauki takardar asibitin ta sa a ƙarƙashin kwallarta. Ranar da aka ba mu ta zo ta wuce. Asibitin suka kira wayata sau biyu, na ce ina kan hanya, alhali ina kan benci. A kasuwa kuwa na zama gwani, ina ba mahauta labarin yadda likitan Kano ya so ya yi wa ɗan fawa wayo da bula. Jauro ya yi dariya har ya share hawaye. Ya Falmata ta ci gaba da dafa mini zogale da hanta, tana ba ni maganin jini a kan lokaci, tana ta ramewa, ni kuma ban lura ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ramukan nan. Ba tsoron ciwon ba, ramukan. In ina wanke hanji sai in tsaya in ɗaga shi a rana in ƙura ido, ina tambayar kaina ko na sa ma yana da su, kuma in yana da su yaya aka yi shekara arba'in ban sani ba. Ran nan dai na kasa haƙuri. Na ɗebi bular wankin Ya Falmata a takarda, na biya wajen Usman mai gyaran waya na aro gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi. Bayan cinikin safe ya lafa na zaɓi hanji guda wanda na riga na ja shi a yatsa na tabbatar lafiyayye ne. Na yanko kamu biyu, na tsaga, na shimfiɗa a bayan tire, na jiƙa bular na zuba. Niyyata in nuna wa kaina cewa launi ne kawai ke ruɗin ido.

Ruwan ya gangara ya kwanta. Na sa gilashi. Bai kai na likita ba ko kusa, amma na ga fatar ba sumul take ba, tana da nata zanen. Ina gusawa da gilashin sai ga wani fili, dogo kamar yatsa, shuɗin ya zagaye shi ya fitar da iyakarsa. Na ajiye gilashin na rufe ido na shafa. Ban ji komai ba. Na sake shafawa da ƙarfi, na juya shi, na ja shi tsakanin yatsu yadda mahaifina ya koya mini. Babu. Na buɗe ido, yana nan.

Na kai wa malamin dabbobi. Ya duba ya ce wannan ba cuta ba ce, halitta ce, kowace saniya tana da irinsa a hanjinta. Ya ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba. Kowace saniya. Wato dubban irinsa sun bi ta tsakanin yatsun nan nawa, ko ɗaya ban taɓa ji ba. In lafiyayyen fili yana iya wuce ni haka, mai cuta ma zai wuce. Na jefar da naman, na wanke hannu, na rufe teburi tun kafin Azahar.

Na tarar da Ya Falmata tana tankaɗe. Na ce ta ɗauko takardar. Ta dubi hannuna da ya yi shuɗi har wuyan hannu, ta dubi fuskata, sannan ta shiga ɗaki.

Sati biyar na ɓata. Da muka koma, likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Baba, ka ba ni tsoro." Na ba shi labarin bula, ya kira abokan aikinsa biyu ya ce in sake faɗa. Aka sake shan jarka, aka sake kwanciya a gefen hagu. Ya ce zai fara yin allurar ruwa a ƙarƙashin filin. In ya taso, bai kama naman ƙasa ba, zai ɗaye. In ya ƙi tasowa, to sai dai a yanka ciki a cire wani yanki na hanjin. Wannan na gane shi sarai, don haka muke hura akuya kafin fiɗa, fata ta rabu da nama. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske, karo na farko tun da aka fara. Ina kallon allurar ta shiga ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Gefe ya taso. Ɗaya gefen ya taso. Tsakiyar ta ɗan yi jinkiri, sannan ita ma ta kumbura. Na ji likitan ya sauke numfashi, daga nan suka ƙara allura na yi barci.

Da na farka ya nuna mini shi a shimfiɗe a kan wani ɗan allo, an kafe gefunansa da ƙananan allurai kafin a sa a kwalba. Na roƙa ya bar ni in taɓa. Ya ba ni safar hannu ya ce gefe kawai, kuma a hankali. Laushi ne da shi kamar na ɗan maraƙi.

Kwana biyu na yi a gado, sati guda ina kan kunu da romo, an hana ni ɗaukar nauyi. Ya Falmata ce ke duba duk abin da na fitar, ko akwai jini, aikin da ban taɓa zaton wani zai yi mini ba. Nas-nas ɗin wurin sun kula da ni, ko da yake akwai wadda in ka kira ta sai ta gama abin da take yi a waya. Aka ce sakamakon awon naman sai bayan sati uku. Muka dawo Potiskum muka zauna jira.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da ya sa na rubuta. In kana ganin jini, ko jininka yana ƙasa ba dalili, ko wani naka ya taɓa ciwon hanji, kada ka tsaya a kan basir, ko da kuwa basir ɗin gaskiya ne. Je a leƙa. Ka shanye jarkar duka, ka sauka inda ba ka jin kunyar kowa. In likita ya ce ya ga abu a kwance, kada ka ce ai ba ya ciwo. Ni an ce in dawo a sake dubawa, kuma ƙannena da 'ya'yana ma an ce su je tun kafin su ji komai.

Wayar ta zo ne wata ranar Litinin da hantsi, ina zaune a tsakar gida, Ya Falmata tana shanya. Na sa a lasifika don ta ji. Likitan ya ce tsakiyar nan da bai so ba ta riga ta fara juyewa zuwa daji, amma a saman fata ta tsaya, ba ta ratsa ba, kuma duk gefunan da ya yanko masu tsabta ne. Ya ce an cire shi duka. Na tambaye shi da na ƙara shekara fa? Ya ce, "Da ba wannan maganar muke yi ba, Baba."

Na yi masa godiya na kashe. Ya Falmata tana tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Ta ce in maimaita mata, na maimaita. Sai ta zauna a ƙasa inda take.

Na so in ba ta dariya, na ce ai ga shi bular wankinta ta yi rana. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, ka san me nake yi sati biyar ɗin nan da kake ba mutane labari a kasuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Ɗakin Hauwa na gyara. Na fitar da buhuna, na share, na sa tabarma. Na ce a nan zan yi takaba, don ba zan iya yi a namu ba."

Kullum ina wucewa ta ƙofar ɗakin nan. Na ga an share shi, na ɗauka baƙi take jira, ban tambaya ba. Kunya ta rufe ni irin wadda ban ji ba ko a gidan surukai. Na ce ta yafe mini. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce ta yafe, amma buhunan ni zan mayar da su da hannuna ranar da likita ya ce in fara ɗaukar kaya.

Jiya ya ce in fara. Buhu shida ne, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a bakin ƙofa har na naɗe tabarmar.